An bar jaki ana dukan taiki: ciwon formataj a biron makarantunmu

Jika 45 makarantarmu ta biya cikin wata biyu da rabi, jika 15 sau uku, don a yi wa kwamfutar da lafiyarta lau magani. Kuɗin iyaye ne, daga cikin abin da ake karɓa a farkon shekara da sunan alli da gyaran tebura. Ni malamin kimiyya ne a wata kwaleji a Maradi. Ba zan faɗi sunanta ba, don ba tonon silili na zo yi ba, kuma na san da yawa daga cikinku, daga Tahoua har Damagaram, za ku ce ai a bironku aka yi wannan.

Sakatariyarmu ta shekara 11 a kan kujerarta. Ita ke karɓar imel na makaranta, a cikin wata manhajar wasiƙu da aka saka wa kwamfutar biro tun da daɗewa. Firinta ba a ɗakinta take ba, tana ofishin darakta, an haɗa ta da rezo yadda kwamfutoci uku za su riƙa aika mata takarda. Cikin watan Fabrairu sai manhajar ta tsiri wani hali. A buɗe wasiƙa a danna bugawa, allon ya yi fari-fari, a sama ya rubuta «Ne répond pas», a jira minti ɗaya ko biyu, sai ta ɗauke ɗif. A sake buɗewa a sake dannawa, ta sake faɗuwa. Wasu ranakun kuma tun safe har a tashi ko tari ba ta yi.

Aka kira mai gyara. Saurayi ne mai ladabi, da jakarsa da babur ɗinsa. Bai yi minti biyar a gaban kwamfutar ba ya yanke hukunci: birus ne, sai an yi formataj. Ya tambayi Malama ko tana saka kile ɗin mutane. Ta ce tana sakawa, don a ciki malamai ke kawo tambayoyin jarrabawa a buga musu. Shi ke nan, an sami mai laifi. Ya goge kwamfutar kaf, ya sake zuba mata komai, ya buga takardar gwaji ɗaya a gaban darakta, ya karɓi kuɗinsa ya hau babur. Kwana tara aka yi lafiya. A na goma ciwo ya dawo. Aka sake kiransa, ya sake gogewa, wannan karon har da hana Malama taɓa kile ɗin kowa. Da aka kai zuwa na uku, sai na fara jin ana cewa a ɗakin malamai wai hannunta ne ba shi da kyau da na'ura, wai ta tsufa da wannan aiki, gara a nemo yarinya mai ilimin zamani. A gabana darakta ya ɗaga mata murya, a gaban ɗalibai biyu da suka zo karɓar alli. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da jika 45 ɗin kaɗai muka rasa, da na haɗiye fushina. Abin da ba wanda ya gaya mana a ranar farko shi ne, wasiƙun makaranta ba a intanet suke zaune ba. An tsara akwatin imel ɗin ne a tsohuwar hanyar da ake kira POP, wadda ke sauko da wasiƙa cikin kwamfuta, in an bar ta haka ta share ta daga can inda ta fito. Duk wasiƙun shekara uku suna cikin wani ɓoyayyen kundi a kwamfutar. Mai gyara ya kwashe abin da idonsa ya gani a kan allo da takardun da aka rubuta, ya bar wannan kundi, formataj ya cinye shi. A cikin abin da ya tafi har da jerin sunayen ƴan takarar BEPC da aka gyara a watan Janairu, wanda malamin ajin ya aiko ta imel bayan ya bi takardun haihuwa ɗaya bayan ɗaya. Malama ta sake haɗa jerin daga tsohon da ya rage. Ɗalibai bakwai suka koma da kurakuransu: wani an juya masa ranar haihuwa, wata an sa sunan kakanta a madadin na mahaifinta. Uwar yarinyar nan ƙosai take saidawa. Sau uku ta bar kaskonta ta zo makaranta, sau ɗaya ta biya mota zuwa ƙauyensu wajen Tessaoua don ɗauko takardar asali. An gyara daga ƙarshe, da ƙyar da roƙo, amma ba wanda ya mayar mata da kuɗin motarta, ba kuma wanda ya gaya mata dalilin wahalarta.

Ban karanta kwamfuta a ko'ina ba. Haushi ne ya kai ni ɗakin Malama wata Alhamis bayan an tashi. Na yi mata tambayar da nake yi wa ɗalibaina a kan kowane gwaji: yaushe yake yi, yaushe ba ya yi? Sai ta jawo wani kaye daga aljihun tebur. Ashe tun Fabrairu tana rubuta ranakun. Ta ce: «Mushe, tun zuwansa na farko na gaya masa. In aka ɗauke kuran da rana aka dawo da shi, to ranar ba ni da bugawa. In darakta ya yi tafiya ya kashe injin ya kulle ƙofa, haka. Sai ya yi dariya ya ce, Hajiya, me ya haɗa wuta da imel?»

Abin da ya haɗa su ba wani asiri ba ne, kuma ina so kowane malami ya fahimce shi, don gobe ana iya ɗora laifin a kansa. Manhajar wasiƙu ba ta san yadda ake magana da firinta ba. In aka danna bugawa, Windows take tambaya: wace firinta aka zaɓa a matsayin ta gida, wane girman takarda take ci? Windows kuma sai ya kira wata ƴar ƙaramar manhaja da kamfanin firinta ya rubuta, wadda masu Faransanci ke ce wa pilote, masu Ingilishi su ce direba. Ni tafinta nake ce masa, don aikinsa ke nan. Wani ɓangare na tafintan nan cikin ɗakin manhajar da ta kira shi yake shiga ya yi aiki. In ya tsaya jiran amsa, ita ma ta tsaya. In ya yi tuntuɓe ya faɗi, da ita yake faɗuwa. Mai kallon allo sai ya ga imel ne ya mutu, alhali ciwon yana can ɗakin da ke gaba.

Firintar da ke kan rezo kuwa da lamba ake samunta, irin 192.168.1.103, kamar lambar gida. Akwatin intanet ne ke raba lambobin ga duk na'urar da ta shigo. Namu akwatin mai arha ne, in wuta ta ɗauke sai ya manta wa ya bai wa wace lamba. In ta dawo da dare, ba kowa a makaranta, firinta ta sake samun tata. In ta dawo da ƙarfe goma na safe, wayoyin malamai ashirin sun riga ta, don waya nan take take kama rezo, firinta kuwa sai ta yi ɗumi ta yi ƙugi kafin ta farka. Sai a ba ta wata lambar. Kwamfutar Malama ta ci gaba da ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa, tafinta ya jira har ya gaji ya kife.

Ban yarda da wannan zato ba sai da na gwada shi. Na canza firintar gida zuwa wadda ke cikin Windows 10 mai mai da takarda PDF, wadda ba ta buƙatar rezo. Muka danna bugawa sau goma, ko sau ɗaya manhajar ba ta faɗi ba. Na mayar da ta ofishin darakta, dannawa ɗaya ta mutu. Muka je muka sa firintar ta buga takardar bayanin kanta: lambarta ta ƙare da 107, kwamfuta kuwa 103 take nema. Mai riƙe da 103 a ranar wayar sirbeyan ce. Sannan na buɗe littafin da Windows ke rubuta kowace faɗuwa a ciki, «Observateur d'événements». A kowane jan layi, gaban «Nom du module défaillant», sunan fayil ɗin tafintan firinta ne, wanda mai gyara yake ta sake sakawa daga faifan da ya zo cikin kwali tun zamanin Windows 7. Sau uku yana goge gida, sau uku yana maido da mai ciwon da hannunsa. Muka ɗauko sabon tafinta daga shafin kamfanin, muka kafa wa firinta lambar da ba ta canzawa, muka tsayar da «Spouleur d'impression», wato ma'aikacin da ke jera takardu a layi, muka zubar da takardu goma sha da suka maƙale, muka sake tada shi. Na kuma cire alamar da ke gaban «Laisser Windows gérer mon imprimante par défaut», don ita ke sa firintar da aka yi amfani da ita ta ƙarshe ta zama ta gida ba tare da an tambayi kowa ba. Duka-duka minti 40, rabinsu jiran intanet ne.

Waɗanda bironsu ke aiki da Outlook suna da ƙarin hanya biyu masu sauƙi. In aka danne Ctrl lokacin buɗe shi, zai tashi ba tare da ƴan ƙare-ƙaren da aka liƙa masa ba, a ga ko su ne ke kayar da shi. Akwai kuma wani ƙaramin fayil mai suna OutlPrnt da ke riƙe tsarin bugawa, in ya lalace yana iya kayar da manhajar, kuma in aka rufe ta aka canza masa suna sai ta ƙirƙiri sabo. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke goge wasiƙa ko guda.

Za a ce na tasa yaro mai neman abincinsa a gaba. Ina da magana da shi, amma babban rabon laifin namu ne, mu masu biya. Ku faɗi gaskiya: da ya zo ya saurari Malama, ya canza lamba ɗaya cikin minti goma, nawa darakta zai ba shi? Jika biyu na mai, a ce ai ba abin da ya yi. Formataj kuwa awa uku yake ci, allo na ta ƙirga kashi-kashi, mai gyara na share gumi, kowa ya ga aiki. Mu muka koya musu cewa gumi muke saye, tunani kyauta ne. Halinmu ɗaya da majinyacin da ba ya yarda an duba shi sai an yi masa allura ko ƙarin ruwa. In likita ya ce ka je ka sha ruwa ka huta, sai a fita ana cewa bai san aiki ba, a tafi wurin mai magani a tire. To kwamfuta ma mun samo mata nata mai tiren, kuma ƙwaya ɗaya gare shi ta kowace cuta.

Ban ce birus ƙarya ne ba. Duk wanda ya taɓa kai kile ɗinsa wurin buga takarda a bakin kasuwa ya dawo ya tarar fayilolinsa sun koma gajerun hanyoyi, ya san akwai shi. Akwai ranar da gogewa ita ce magani. Amma ko a ranar, ana fara tabbatar da cutar, a kwashe dukiyar gida, kafin a sa wa ɗaki wuta don kashe ɓera. Kuma faɗuwar da firinta ke jawowa tsohon labari ne a duniya. A watan Maris na 2021 wani sabuntawa na Windows 10 ya riƙa kayar da kwamfuta gaba ɗaya, allo ya yi shuɗi, da zarar an aika takarda ga wasu firintoci, cikinsu har da na Kyocera. Microsoft ya amsa cewa daga wajensa ne, ya fitar da gyara cikin ƴan kwanaki. Ofisoshi a Turai da Amurka sun sha wannan, ba sakatariyar da ta saka musu kile. Mai gyaran da ya ɗauki wannan sana'a ya kamata in ya ji «ina danna bugawa take faɗuwa», firinta ta fara zo masa a rai kafin birus.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ta fi ba ni takaici. Wutar Maradi da Damagaram ta layin da ya taso daga Katsina ya biyo Gazaoua take zuwa. Kowa ya san yadda bazara take mana, daga Maris zuwa Mayu, kuma kowa ya tuna abin da muka gani bayan Najeriya ta katse mana wuta a watan Agusta na 2023. Ɗaukewar kuran a wurinmu yanayi ne, kamar hunturu da ƙurarsa. Wanda zai haɗa firinta da rezo a wannan gari ya bar lambarta tana yawo, kamar magini ne da ya yi soro bai sa indararo ba. Ba a koya masa ba ne, ko kuwa an koya masa daga littafin da aka rubuta don garin da wuta ba ta ƙyaftawa.

Akwai abu ɗaya da ba zan yafe wa mai gyaranmu ba. Don in kafa lambar firinta sai na shiga akwatin intanet, shi kuwa ya canza kalmar sirrin bai bar wa kowa ba. Na kira shi, ya ce: «Mushe, bari in zo da kaina, abin yana da wuyar sha'ani.» Sai da darakta ya karɓi wayar ya faɗa. Akwatin makaranta, da kuɗin iyaye aka saya, amma makullinsa na aljihun wani. Irin wannan riƙe makulli ya taɓa tada babbar rigima. Wajen 1980, a jami'ar MIT ta Amurka, wata firintar Xerox tana ta cin takarda, wani masani mai suna Richard Stallman ya nemi rubutun manhajarta don ya sa ta riƙa sanar da mutane in ta maƙale, aka hana shi. Yana cikin abubuwan da suka tunzura shi ya shelanta aikin GNU a 1983, don a sami manhajar da kowa zai iya buɗewa ya gyara. Mu ba ma neman rubutun manhaja. Kalmar sirrin kayanmu kawai muke so a rubuta mana a takarda.

Ƴan uwana malamai, a nan ne kunya ta kama ni. Kowace shekara ina tsayawa gaban allo ina koya wa yara cewa a kimiyya ana lura, a yi zato, a gwada, a canza abu ɗaya kawai a ga me zai faru. Muna ba su maki a kan haka. Amma taku ashirin daga ajin, a cikin biro, mutum ya ce «birus ne» ba hujja ba gwaji, mu duka da takardun digirinmu muka gyaɗa kai har sau uku. Mutum ɗaya ce a makarantar ta bi abin da muke koyarwa, ta lura ta rubuta ranaku a kaye, ita ce kuma wadda ba ta da digiri, ita aka yi wa dariya. Ina zargin da namiji ne mai babbar riga ya faɗi maganar kuran ɗin, da an saurare shi tun ranar farko. Haka kuma muke yi wa ɗalibai: a makarantu da yawa darasin kwamfuta a allo ake yinsa da alli, a zana linzami a haddace sunansa, ɗakin kwamfutocin kuma a kulle don kada yara su ɓata. Yaran da aka hana taɓawa su ne gobe za su zama daraktocin da ke rawar jiki in allo ya yi fari, su kira mai jaka ya goge musu tarihin makaranta.

Ku kuma iyaye, musamman waɗanda ke cikin COGES, kuɗinku ne, kuma sunayen ƴaƴanku ne a cikin injin nan. In aka karanta muku a taro cewa an kashe kaza a «gyaran kwamfuta», kada ku ce ba fanninku ba ne ku yi shiru. Wanda ya kai babur wurin makanike yana tambayar me ya lalace, har ya ce a nuna masa tsohon ƙarfen da aka cire. Ku tambaya haka: me aka ce ya lalace, da me aka gane? In an sake biya a kan ciwo ɗaya, don me aikin farko bai da lamuni? Ku tambayi inda kwafi na biyu na jerin ɗalibai da makinsu yake, ku ce a nuna muku da ido. Faifan ajiya na waje bai kai kuɗin da muka zubar a formataj uku ba. Mu yanzu kowace Juma'a Malama na kwafe komai a ciki, faifan kuma ba ya kwana a ɗaki ɗaya da kwamfutar. Akwatin imel ɗin ma mun mai da shi tsarin IMAP, wanda ke barin wasiƙu a intanet ko da kwamfuta ta ƙone.

Tun daga ranar an ɗauke wuta ba adadi, manhajar ba ta sake faɗuwa ba. Darakta ya kira ni ya ce tunda Allah ya ba ni basira, in riƙa duba kwamfutocin makaranta, fi sabilillahi. Na ce ranka ya daɗe, na yarda bisa sharaɗi uku. A ba ni yamma biyu a wata in zauna da Malama da duk malami ko ɗalibin da ke so, mu riƙa ɓata abu da gangan muna gyarawa. A rubuta duk kalmomin sirri a sa a ambulan, ɗaya a wurinsa ɗaya a wurin shugaban iyaye. Sannan a ba Malama haƙuri a gaban mutanen da aka ɗaga mata murya a gabansu, a kuma mayar wa mai ƙosai kuɗin motarta. Na farko da na biyu an yi. Na uku har yau ina jira, kuma taron iyaye ranar Asabar ne.